Ganimar Direba

Duka na uku ne ya sa ƙofar ƙarfen ta lotsa. Mai Wanki ta gyara tsayuwa ta sake ɗaga sandar, sandar ƙarfe irin ta masu ƙafa ɗaya, wadda tsakiyarta ya riga ya lanƙwashe tun jiya a jikin mai ita.

"Buɗe! Na san kana ciki, ina jin ƙarar fankarka!"

Masu shagunan layin sun fito sun yi cirko-cirko. Mace ce da ta ba sittin baya, gajera, mai faɗin kafaɗa. Shekara arba'in tana matse bargunan mutane da labulayensu, har hannuwanta suka koma kamar na maƙeri. Ko sunanta aka rubuta a bango ba za ta gane ba, amma wannan shagon ta san shi sarai. Nan ɗanta yake zuwa kullum ƙarfe huɗu.

Mai shagon gem ɗin, inda ake wasan kwamfuta, ya ɗaga ƙofar rabi ya leƙo. Kafin ya buɗe baki ta sa kafaɗa ta ture shi ta shige.

Kwamfutoci ne jere biyu, da kujerun roba, da warin gumi da na waya mai zafi. A gindin kujera ta uku akwai wani duhu a ƙasa, an watsa masa ruwa an goge, gogewar ganin dama. Jini ba ya ɓuya ga mai wanki. Ta durƙusa ta shafa wurin, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Can a jikin bango ta ga wani abu fari. Ta miƙa hannu ta ɗauko. Haƙori ne, da jijiyarsa.

Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta miƙe.

Ɗanta ɗaya ne a duniya. Direba ake ce masa har yau, duk da rabonsa da sitiyari shekara biyar ke nan, tun ranar da babbar mota ta kife da shi aka yanke masa ƙafa daga cinya. Matarsa ta tattara ta tafi. Shekara huɗu ya yi a ɗaki yana kallon bango, uwar na ba shi abinci kamar yaye, tana ɓoye reza da igiyar shanya duk lokacin da za ta fita. Sai bara wani tela ya ja shi zuwa wannan shago. Daga nan ya fara aski, ya fara cewa a goge masa riga, huɗu saura kwata ya ɗau sandarsa ya fita. Jiya da la'asar aka kira ta asibiti. Muƙamuƙi ya karye, haƙora uku sun fita, hannun dama ya karye wuri biyu, haƙarƙari ya tsage. Ta tambaye shi wane ne, ya rufe ido. Ta je wurin 'yan sanda, ɗan sandan da ke kan tebur ya kwashe da dariya ya ce, "A kan gem? Mama, je ki zo da wanda aka daka ya yi bayani da bakinsa." Da wane bakin?

"Waye ya dake shi?" ta tambayi mai shagon.

"Mama, wallahi ni ina waje lokacin, na je sayo..."

Ta juya ta sauke sandar a fuskar kwamfutar da ke kusa da ita. Gilashin ya tarwatse, wani hayaƙi siriri ya tashi.

"Wayyo! Mama, don girman Allah!"

"Saura nawa? Na ga da yawa. Waye?"

"Kyaftin ne."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Telan ne, siririn mutum da awo rataye a wuya, shagonsa na tsallaken titi. Ya shigo yana haɗa hannuwa kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Soja ne?"

"A'a, mahauci ne, a babbar kasuwa. Mu ne muke ce masa Kyaftin, shi yake jan mu a cikin wasan."

"Yi min bayani. Kuma ka yi da irin maganar da ake yi a gida, ban yi makaranta ba."

Tela ya gyara awon wuyansa. "Mu huɗu ne, Mama. Ni, da Direba, da Kyaftin, da wani malamin makaranta. Kowa da jaruminsa a cikin kwamfuta. Mu shiga tare mu kashe dodo, in dodon ya faɗi sai ganima ta zubo: sulke, zobe, takobi. Dokarmu ɗaya ce tun ranar farko, layi. Wanda layi ya zo kansa, abin da ya faɗo nasa ne, ko zinare ne ko tsumma. To jiya wani gatari ya faɗo. Wata tara muna nemansa, wasu har su daina wasan ba su taɓa ganinsa ba. Kuma layin Direba ne."

"Gatarin nan, ana faskare da shi?"

"A'a, Mama, a cikin kwamfuta yake."

"Ƙattai huɗu da gemu. Ci gaba."

"Kyaftin ya riga shi dannawa ya ɗauke. Ya ce ai Direba mai magani ne a wasan, aikinsa ya tsaya a baya yana warkar da mu, me zai yi da gatari? Direba ya ce ya ajiye, layinsa ne. Kyaftin ya yi dariya, ya ce ƙafa ɗaya ma ta gagare shi ɗauka, balle gatari. Muka shiga wani faɗan a haka. Ana tsakiyar faɗa Direba ya zura sandarsa ƙarƙashin tebur ya fizge wayar wutar Kyaftin." Tela ya share goshi. "Irin wasan da muke yi, Mama, in jaruminka ya mutu, ya mutu ke nan. Ba ya dawowa, da shi da duk abin da ya tara. Shekara biyu Kyaftin yana gina nasa. Kafin a sake kunnawa dodo ya gama da shi. Har da gatarin."

Mai Wanki ta dubi sandar da ke hannunta, ta ƙarasa masa.

"Sai ya ƙwace sandar."

"Sai ya ƙwace sandar."

"Kai kana ina?"

"Mama, ba ki ga girman mutumin nan ba ne, in ya..."

Marin ya zaunar da shi a kan kujerar roba, kujerar ta zame da shi zuwa ƙasa. Awon ya faɗi gefe. Mai Wanki ta tsallake ƙafafunsa, ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna mai shagon da sanda.

"Kada ka rufe. Zan dawo kanka."

A cikin bas babu wanda ya zauna kusa da ita. Kwandasta ya dubi sandar, ya dubi fuskarta, ya wuce zuwa na baya.

Layin mahauta yana can ƙarshen kasuwa, inda ƙasa ba ta bushewa. Cinyoyi rataye a ƙugiya, ƙudaje, ƙarar adda a kan kututture. Ba ta tambayi kowa ba sai wata mai sayen ƙashi, ita ma da baki ta nuna. Rumfa ta biyar. Ƙato ne na gaske, wuyansa kamar turmi, rigar aikinsa ta yi ja, idanunsa sun yi ja fiye da rigar. Yana datsa haƙarƙarin sa.

Ta kwance bakin zanenta ta ajiye haƙorin a kan kututturen, tsakanin yankan nama biyu.

"Auna min wannan."

Ya dubi haƙorin, ya dubi sandar. Addar ta tsaya a sama.

"Mama, ki ji daga bakina tukuna..."

Dukan farko a kunne ya same shi. Na biyu a karan hanci, aka ji ƙas, jini ya ɓalle masa har cikin baki. Ya ja da baya ya bugi ƙugiya, cinyar sa ta faɗo a kan sikeli, sikelin ya wuntsila cikin kwata. Mata suka watse suna ihu. Ta zagaya teburin ta bi shi. Ta ba shi a gwiwa, santsin ruwa da jini ya kwashe shi, ya zube kamar buhu, ta ci gaba da sauke masa a kafaɗa da gadon baya, tana yi tana lissafa masa laifinsa.

"Wannan na muƙamuƙi ne! Wannan na ƙafa ɗaya da ka ce! Shashasha! Ƙaton banza! Ni na haife shi da ƙafa biyu, uwarka ce ta yanke ɗayar?"

Ya yi wata ƙara ya miƙe. Addar har yanzu tana hannunsa, ya ɗaga ta sama. Layin gaba ɗaya ya yi tsit, har ƙudaje sai da aka ji.

Mai Wanki ta matso har ƙirjinta ya kusa taɓa rigarsa. Ta ja ɗankwalinta baya ta miƙa masa wuya.

"Sara. Sara mana, jarumi. Ko sai mai ƙafa ɗaya kake iyawa?"

Ya sauke hannun. Addar ta faɗi a ƙasa.

"Shekara biyu, Mama," ya ce, jini da majina na bin gemunsa. "Kullum in tashi daga nan da warin nama, can ne kawai nake zama wani abu. A cikin ƙiftawar ido ya kashe min shi. Ban san lokacin da na... wallahi ban ga ɗanki ba, duhu na gani."

"Naka ya zubar da jini?"

Ya share jinin hancinsa da bayan hannu.

"Na ce naka da ya mutu, ya zubar da jini? An ɗaure masa baki da waya? Uwarsa ta kwana tana share masa yawu?"

Wani dattijo ya ratso taron, shugaban mahautan layin, da wuƙa a ɗamara. Ya saurari maganar daga bakinta, ya saurara daga bakin Kyaftin, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, an zalunce ki, babu ja. Me kike so? In hukuma ce, da hannuna zan kai shi. In jinya ce, layin nan gaba ɗaya mun ɗauka."

"Hukuma dariya ta yi min. Jinyar ɗana kuwa ban gaza ba. Hannu nake so."

"Haba, baiwar Allah, da hannun nan yake ci da iyalinsa."

"Nawa ɗan da ƙafa yake ci?"

Dattijon ya buɗe baki, amma Kyaftin ya riga shi. Ya tako ya ture naman gefe, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan kututturen, kusa da haƙorin, ya kau da kai. Wataƙila ya ɗauka in ta ga haka zuciyarta za ta yi sanyi. Bai san ta ba. Ta kama sandar da hannu biyu kamar za ta bugi bargo a kan dutse. Sau biyu ta sauke, don wuri biyu na ɗanta ya karye. Ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ƙaton ya durƙushe ya rungume hannun, bai yi kuka ba, wani gurnani kawai yake yi.

"Saura ɗaya," ta ce, tana haki. "Ka rantse a gaban mutanen nan. Kai da telanka da malaminka, babu wanda zai sake zama kusa da ɗana. Ba a shago ba, ba a cikin kwamfuta ba. Ko a hanya kuka gan shi ku tsallaka titi."

Ya rantse da Allah sau uku, dattijon ya ce kowa ya shaida. Ta ɗauki haƙorin ta fita, mutane na darewa.

Rana ta take tsaka lokacin da ta koma shagon gem. Mai shagon yana share gilashi, da ya gan ta tsintsiyar ta faɗi.

"A ɗakinka aka dake shi kana kallo," ta ce. "Kai ma da naka kason. Yaron nan in babu wasan nan bango zai koma, na san abina. Ka zuba min shi a abin da zan iya ɗauka, ya yi a gadonsa, inda idona yake."

Mutumin bai yi musu ba. Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar laftof da aka ɗaure gefenta da salatif, ya buɗe a kan tebur. Tela ya sake leƙowa, kuncinsa a kumbure, ya tsaya nesa da hannunta.

"Wanne za a zuba, Mama? Wasanni masu ganima suna da yawa. Sai kin zaɓa," in ji mai shagon.

"Ba na karatu. Nuna min, ka yi bayani."

Ta ja kujera ta zauna, ta tsura wa hotunan ido kamar mai zaɓen atamfar da ba ta zuba.

"Wannan na bindiga ne. Wata duniya ce duk rairayi, akwatuna ko'ina, ka buɗe ka ga bindigogi iri-iri, ba ka gama murna da wata ba wata ta fi ta. Yana da ban dariya ma."

"Mutum nawa?"

"Huɗu."

"Wuce."

"Wannan irin nasu ne, na takobi da dodanni, amma sabo. Shi kam babu rigima a cikinsa, kowa tasa ganimar daban take faɗo masa, ɗan'uwansa ba ya ma ganinta balle ya ɗauka. In ka mutu kuma ana tashinka. Ni da za ki ji shawarata..."

"Mutum nawa?"

"Huɗu, amma..."

"Na ce wuce. In babu gatari za su samo wani abin. Mutum ai ba ya rasa dalilin duka."

Mai shagon ya yi ajiyar zuciya ya gangara can ƙasa. Wani hoto ya fito, mutum ɗaya riƙe da fitila a bakin wani rami mai matakala.

"Wannan tsoho ne. Rami ne ƙarƙashin ƙasa, hawa-hawa, kana sauka kana kashe ƙwarangwal da aljanu. Ganima kam kamar ƙasa. Ba ya ma son intanet."

"Wa zai iya shigo masa?"

"Babu kowa. Ko ni ba zan iya ba."

"Abin da ya faɗo?"

"Nasa ne duka."

"Babu layi?"

"Layi da wa, Mama? Shi kaɗai ne."

"Shi nake so."

Tela ya yi gyaran murya. "Mama, Direba fa ba..."

Ta juyo da kai kawai. Ya kama kuncinsa ya ja da baya.

Ƙarfe huɗu saura kaɗan ta hau bene na biyu na asibitin, ɗakin maza, laftof ɗin a naɗe cikin tawul mai tsabta. Gadaje takwas, warin magani, fanka ɗaya mai ƙara. Direba yana gado na shida, an jingina shi da filo biyu. Fuskarsa ta kumbura ta yi baƙi, an ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya, hannun dama cikin filasta har gwiwa. Idonsa na kan agogon bango.

"Ga shi," ta ce. Ta ɗora masa a cinya ta buɗe kamar yadda aka nuna mata. "Na kawo maka abinka har gado. Ba sai ka je wurin kowa ba."

Idonsa ya ɗan buɗe. Ya sa hannun hagu a kan madannan yana lalube. Mutumin da ke cikin kwamfutar ya sauka matakala da fitilarsa. Ƙwarangwal suka fito daga duhu, ya sare su, ƙasusuwa suka watse, kai ya gangara. Wani babba ya taso, ya datse shi biyu, jini ya fantsama a bango, zinare ya zubo, tare da wani takobi mai shuɗin haske.

"Kai! Ɗauka mana!" in ji wani tsoho mai karyayyen ƙugu a gado na biyar, wanda ya miƙo wuya yana kallo. "Ɗauki abinka, ɗana!"

Mai Wanki ta ji wani sanyi a ƙirjinta, na farko tun jiya. Amma Direba bai ɗauka ba. Yana ta duba gefen fuskar kwamfutar, sama da ƙasa, kamar mai neman wani a tasha.

"Ina sauran?" Maganar ta fito ta tsakanin haƙora, da ƙyar.

"Waɗanne saura?"

"Inda sunaye suke fitowa."

"Babu. Kai kaɗai ne. Duk abin da ya faɗo naka ne, babu ɗan banzan da zai riga ka. Ni na zaɓa da kaina."

Ya dube ta. Ya dubi bakin zanenta inda jini ya bushe, da sandarsa da ta jingine a jikin gado, wadda yanzu ta lanƙwashe wuri biyu.

"Inna, me kika yi?"

Ta gaya masa, ba ta rage komai ba. Hancin, da hannun, da rantsuwar. A kan hancin bai motsa ba. A kan hannun ya runtse ido. Da ta zo kan rantsuwar sai ruwa ya gangaro masa ta gefen ido ya shige cikin kunne.

"Ni na ja wayar, Inna."

"Na sani. Ko gidansa ka cinna wa wuta, ba shi da ikon ya ɗaga maka sandarka. Kuka kake yi wa mutumin da ya zubar maka da haƙora? A kan gatarin da ko albasa ba ya yankawa?"

"Ba na son gatarin."

"To uban me ya kai ka?"

Ya daɗe yana tara numfashi, haƙarƙarin ba ya barinsa. "Layina ne. Da ya bari na ɗauka, da hannuna zan miƙa masa. Shi ne mai sara. Wata tara ina addu'a ya faɗo a layina, don in ba shi." Ya haɗiye yawu, fuskarsa ta yamutse. "Kin san me suke cewa in dodo ya danne su? Direba! Direba, ina kake, zan mutu! Ƙattai uku suna ihu da sunana. In na makara minti ɗaya su bugo waya."

"Ni ba mutum ba ce? Ba na kiranka?"

"Ke kina kirana ne ki ba ni, Inna. Su suna kirana ne in ba su."

Tsohon gado na biyar ya janye wuyansa ya gyara bargo. Mai Wanki ta tsaya da hannu a ƙugu. Ta ja kujera da ƙarfi har nas ta waiwayo, ta zauna, ta goge tafin hannunta a cinya.

"Matsa. Nuna min inda ake dannawa. Ni zan shiga, dodo ya danne ni, ka warkar da ni. In ihu ne na fi su iyawa."

"Babu wurin mutum na biyu."

"A buɗe mana."

"Ba a buɗewa. Haka aka yi shi."

A cikin kwamfutar wasu ƙwarangwal sun sake fitowa. Mai fitilar yana tsaye a kan zinarensa, hannu a sake, suna saransa ta gaba da ta baya. Fitilar ta faɗi, ya durƙusa, suka rufe shi. Direba yana kallo, bai ɗaga yatsa ba.

Ta rufe laftof ɗin, ta naɗe ta a tawul, ta miƙe.

"Kada ka motsa," ta ce, kamar yana da inda za shi.

Ta sauka ƙasa. Ba ta san inda za ta fara ba, kasuwa ko shagon, ƙafarta ce kawai take tafiya. A dogon barandan da ake jiran hoton ƙashi ta gan shi. Yana zaune a ƙarshen benci, an cusa masa auduga a hanci, hannun dama a naɗe cikin tsumma ya kumbura kamar ƙwarya. Mutanen benci sun bar masa fili saboda warin nama.

Ta tsaya a gabansa. Kyaftin ya ɗaga kai, ya yi sauri ya kare fuskarsa da hannun hagu.

"Sauke. Da dukanka zan yi, da ka ji a jikinka kafin ka gan ni."

Ya sauke a hankali.

"Kada ka ɗauka na yafe. Ban yafe ba, har gaban Allah sai mun tsaya. Kana jina?"

"Ina ji, Mama."

"Yana sama, bene na biyu, gado na shida. In an gama ɗaure ka ka hau. Ka kira telan nan mai bakin tsiya, da malaminku. Ku zauna a gabana ku zaɓi wanda ake shiga mutum huɗu, gobe in kai a zuba. Ni na zaɓa, ban iya ba."

"Mama, na rantse. A gaban layi gaba ɗaya."

"Ka yi azumin kaffara, dama ƙibar ta yi maka yawa."

Ya sunkuyar da kai. "Zai yarda ya gan ni?"

"Da ni ce, da fitsarin majinyata zan watsa maka. Shi sakarai ne, ubansa ya biyo."

"Duk wanda muka zaɓa, daga farko za mu fara. Ba sulke, ba komai, tsirara."

"Dama me kuke da shi?"

Ƙaton ya yi wani sauti, ba a san dariya ba ce ko kuka, audugar hancinsa ta jiƙe da sabon jini. Ya dubi hannun da ke kan cinyarsa, ya gwada motsa yatsu, ya cije leɓe.

"To Mama, da wane hannun zan buga?"

"Da na hagu," ta ce, ta gyara tawul ɗin a hammatarta. "Shi ma da shi yake yi."